Yadda za ka je kallon besbol a filin Yankees karon farko, daga sayen tikiti har komawa gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na sa hoton da muka ɗauka ni da yarana a filin Yankees, ƙungiyar wasan besbol da ke unguwar Bronx a birnin New York, saƙonni ba su daina shigowa ba, wannan ya ce nawa ne tikiti, wancan ya ce ana barin mutum ya shiga da abincinsa, wata baiwar Allah kuma ta ce min ita shekararta tara a Bronx, kullum tana wuce ginin nan a jirgi tana ganin fitilu da cincirindon mutane amma ba ta taɓa kawowa a ranta cewa irinmu ma na shiga ba. Maganarta ce ta sa na zauna rubuta wannan. Filin nan a unguwarmu yake, 'yan Zango na Kumasi da Akara, mutanen Yamai da Maraɗi, 'yan Kano da Jos, da yawanmu a ƙafa ma za mu iya zuwa, yaranmu kuma a makaranta hirar 'yan wasan nan suke ji kullum. To ga yadda ake yi, bi da bi, kamar yadda nake yi da kaina.

1. Zaɓi rana tukuna

Kakar wasa tana farawa ƙarshen Maris ta ƙare ƙarshen Satumba, sai Oktoba a yi wasannin neman kofi. Kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa, 81 a gida, kenan ba irin ƙwallon ƙafa ba ne da za ka jira sati guda. Baƙi in sun zo gari kwana uku ko huɗu suke yi a jere ana bugawa da su kullum, in yau ba ta yi maka ba gobe na nan.

Shawarata, karon farko ka nemi Talata ko Laraba da dare, da ƙungiyar da ba ta da farin jini sosai. Kuɗin tikiti ba a tsaye yake ba, hawa da sauka yake kamar farashin tumatir, kujerar da za ka samu da araha ranar Talata ita ce za ta ninka biyu ko uku ranar Asabar. Ranar da manyan abokan hamayyarsu Boston Red Sox suka zo, ko Mets na Queens, ko Dodgers, wannan ka bar wa masu hali sai ka saba.

Wasan dare yawanci ƙarfe 7:05 ake farawa, na rana kuma wajen ɗaya da 'yan mintuna. Ka duba lokacin da kyau domin akan canza shi saboda talabijin.

Hattara: filin ba shi da rufi. Afrilu da dare sanyi ne na gaske, iska tana kaɗawa a saman bene har yatsu su ƙage, Yuli da Agusta da rana kuma zafi ne mai gumi. In da yara za ka je, dare a watan Yuni ko farkon Satumba ya fi daɗi.

2. Wurin zama da sayen tikiti

Lambar sashe ita ke gaya maka tsayin da za ka hau. Masu ɗari da wani abu suna ƙasa kusa da ciyawa, masu ɗari biyu sama da su, masu ɗari uku sama kuma, masu ɗari huɗu su ne can ƙololuwa. Sai kuma bencina da ke bayan fili, waɗanda ba su da wurin jingina baya kuma ba inuwa.

Mutane na raina ɗari huɗu, ni kuwa nan nake kai duk wanda bai taɓa zuwa ba, musamman sashen da ke daidai bayan inda mai buga ƙwallo da sanda yake tsayawa, wajen 420. Daga can fili gaba ɗaya a tafin hannunka yake, kana ganin inda kowane ɗan wasa ya tsaya da inda ƙwallo ta nufa, kuma layukan ƙarshe na sama suna ƙarƙashin rumfa, ko yayyafi aka yi ba ruwanka. Wanda ya zauna ƙasa yana ganin fuskokin 'yan wasa amma in sabon shiga ne ba zai gane tsarin abin ba. A ranakun aiki na sha samun kujerar sama tsakanin dala 20 zuwa 40, ƙasa kusa da ciyawa kuwa ka shirya ɗari zuwa sama.

Bencinan ɓangaren dama, musamman sashe na 203, nan ne matattarar masu tsananin son ƙungiyar. Akwai armashi sosai amma akwai ihu da baƙaƙen maganganu da giya, ban ba ka shawarar kai iyali can ba a karon farko. Akwai sassa a saman bene da aka hana shan giya kwata-kwata, in ka buɗe taswirar filin ka neme su, ga mai mata da yara sun fi kwanciyar hankali.

Sayen kansa a waya ake yi. Ka sauke manhajar MLB Ballpark, ka yi rajista da imel ɗinka, ka sayi tikitin ta shafin ƙungiyar ko ta sanannun wuraren da masu tikiti ke sake sayarwa irin SeatGeek da StubHub. Imel ɗin da ka yi sayayya da shi, shi za ka buɗe manhajar da shi, in ba haka ba tikitin ba zai bayyana ba ka tsaya kana zufa a bakin ƙofa. Kafin ka biya ka kalli jimillar ƙarshe, sannan ka tabbata kujerun a jere suke in ku da yawa ne.

Hattara: kada ka sayi tikiti hannun wani a bakin titi. Wani abokina ya ba wani mutum dala 60 a ƙarƙashin gadar jirgi, mutumin ya tura masa hoton tikiti a waya, da aka zo ƙofa na'ura ta ƙi karɓa, ya juya mutumin ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi. Hoton tikiti ba tikiti ba ne, dole ya kasance a cikin manhaja.

3. Abin da za ka ɗauka daga gida

Nan ne ake tsimin kuɗi ko a yi asararsu. Ana barin kowa ya shiga da jaka ɗaya mai laushi wadda ba ta wuce inci 16 da 16 da 8 ba, wato kusan santimita 40 da 40 da 20. Akwati ko kula mai tauri ba ya shiga, kuma ba su da wurin ajiya a ciki, in aka mayar da kai sai dai ka nemi shagon da za su ajiye maka a waje ka biya. Saboda haka in daga wurin aiki za ka wuce, ka rage kaya tun da safe.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ana shiga da abinci. E, naka na gida, daidai cin mutum. Ruwan gora ma ana shiga da shi in dai na roba ne, ba a fasa murfinsa ba, kuma bai wuce lita ɗaya ba. Gwangwani da kwalba da fulas ba sa shiga. Tuffa ko lemo sai an yanka su tun daga gida, don kada wani ya yi jifa da su.

Mu dai uwargida takan yi mana biredi da ƙwai ko da soyayyar kaza, ta haɗa da cincin da dabino da gyaɗa, a zuba a leda mai haske yadda mai bincike zai gani da ido ba sai ya tona ba. Abinci mai miya ko romo ka bar shi a gida, a cinya za ka ci kuma wurin a matse yake. Wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, maganar halal ce ma. Tsiran alade da naman da ba ka san yankansa ba su suka cika wurin, in kuma dole sai ka saya a ciki to gyaɗa mai ɓawo da gugguru da soyayyen dankali da askirim suna nan. Sai dai ka sani gorar ruwan da kake saya dala ɗaya a shagon unguwa a ciki ta haura biyar, mutum huɗu in kowa ya ci ya sha a ciki dala ɗari ba ta da wuyar tafiya.

Sauran kaya: waya da cikakken caji domin tikitinka a ciki yake, katin banki domin a ciki ba a karɓar tsabar kuɗi, rigar sanyi mara nauyi ko da rani ne in wasan dare ne, hula in na rana ne, da ƙaramar darduma irin ta tafiya mai naɗewa. In yaronka yana da safar cafke ƙwallo ya tafi da ita.

Tufafi kuwa ka sa abin da ka ga dama. Na je da kaftani da hula, uwargida da hijabinta, ba wanda ya ce mana kanzil. Hular Boston ce kawai zan ce kada ka sa, ko da kyauta aka ba ka.

4. Tsara sallarka tun kafin ka fito

Wannan ban taɓa ganin wanda ya rubuta shi ba alhali shi ne ya fi damunmu. In ka shiga filin ka fita ba a barinka ka dawo da wannan tikitin, saboda haka zancen bari in leƙa masallaci in dawo bai taso ba.

Wasan 7:05 dole magariba ta same ka a ciki. A ƙarshen Yuni rana tana faɗuwa wajen 8:30, a Afrilu wajen bakwai da rabi, tsakiyar Satumba kuma kusan daidai lokacin da ake fara wasa. Ka yi la'asar a gida ko a masallacin unguwa, ka fito da alwalarka domin banɗakunan ciki cike suke da mutane kuma wanke ƙafa a wurin ba daɗi. In lokaci ya yi ka tashi ka bi baranda ta bayan kujeru, ka nemi lungu kusa da hanyar hawa inda ba ka tare wa kowa hanya ba. Ni nakan gaya wa ma'aikacin da ke tsaye kusa cewa minti biyar zan yi addu'a, sau da yawa ma su ke nuna min inda ya fi sarari. Alƙibla a New York arewa maso gabas take, ka duba a waya kafin ka shimfiɗa.

Akwai wata magariba da ba na mantawa, ina sujada a saman bene, ƙasan siminti yana rawa a goshina saboda mutum dubu arba'in sun miƙe tsaye lokaci guda suna ihu, na sallame na ga ɗana tsaye yana riƙe da takalmana idonsa na kan allon talabijin ɗin bango, ya ce Baba an buga ta waje. Na ce to alhamdulillahi, ba abin da ya ragu.

Wasan rana na Lahadi kuma, azahar tana shiga wajen ƙarfe ɗaya a lokacin bazara, ka yi ta a ciki kafin a fara, la'asar ka same ta a gida.

5. Hanyar zuwa

Jirgin ƙasa, kada ka wahalar da kanka. Lamba 4 da D duk suna tsayawa a tashar 161 St–Yankee Stadium, B ma yana zuwa a ranakun aiki, kana fitowa ga ginin a gabanka. Kuɗin shiga kusan dala 3 ne, ka ɗora katin banki ko wayarka a kan na'ura ka wuce. Wanda ke zuwa daga wajen gari akwai jirgin Metro-North mai tsayawa a tashar Yankees–E 153rd St, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.

Hattara: mota asara ce. Wurin ajiye mota a ranar wasa zai ci maka dala arba'in ko fiye, sannan bayan an tashi ka shafe rabin awa ba ka fita layin ba. Mu da ke tuƙin haya mun san yadda titin 161 da babbar hanyar Deegan suke zama a irin wannan dare.

6. Ka isa da wuri

Akan buɗe ƙofofi awa ɗaya da rabi kafin wasa. Ƙofofin huɗu ne, 2 da 4 da 6 da 8. Ta 6 ce ta fi kusa da tashar jirgi saboda haka ita ta fi cunkoso, in ka ga layi ya yi tsawo ka zaga ta 2 ko ta 8. Za ka bi ta na'urar bincike, a leƙa jakarka, ka nuna tikiti a waya. Ka buɗe manhajar tun kana kan layi ka ƙara hasken fuskar wayar, domin intanet yakan yi nauyi inda mutane suka taru.

In ka shiga da wuri ka fara zuwa Monument Park da ke bayan tsakiyar fili, inda aka kafa allunan tunawa da manyan 'yan wasansu irin Babe Ruth da Lou Gehrig da Derek Jeter da lambobin rigunan da aka daina ba kowa. Kyauta ne amma ana rufewa minti 45 kafin wasa, kuma layi yakan yi tsawo. Akwai ɗan gidan tarihi ma a ciki inda kofunansu suke, ƙungiyar ta ci kofin duniya na besbol sau 27, na ƙarshe a 2009, shekarar da aka buɗe wannan sabon filin. Wasu ranakun ana raba kyautar hula ko 'yar tsana ta ɗan wasa ga waɗanda suka riga shiga, wanda ya makara sai labari.

Sannan ka nemi sashenka. Tikiti yana da lamba uku, sashe da layi da kujera. Ka riƙe hannun yaronka daidai lokacin da za ku fito daga baranda zuwa kujeru, ka kalli fuskarsa. Daga duhun siminti sai kawai ga koriyar ciyawa shar a ƙarƙashin fitilu, an share jar ƙasa sumul an ja farin layi, 'yan wasa suna ta jefa wa juna ƙwallo. Gani ya kori ji wallahi.

Kafin a fara ana rera taken ƙasa, kowa ya miƙe tsaye, maza su cire hular wasa. Ka miƙe kai ma.

7. Yadda za ka gane abin da ake yi

Duk wanda ya ce min besbol ba daɗi na san bai san inda zai sa ido ba ne. Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa idonmu ya saba bin gudu, a nan kuwa wasan yana tsakanin mutum biyu ne, mai jifa da mai bugu, kamar 'yan dambe biyu da ke zagaya juna kowa na auna ɗan uwansa. In ka kama wannan ka kama komai.

Tsarin shi ne, ƙungiya ɗaya ta baza mutum tara a fili suna tsaro, ɗayar kuma tana turo masu bugu ɗaya bayan ɗaya. Akwai tasha huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki, gida inda mai bugu yake tsaye, sai ta ɗaya, ta biyu, ta uku, tsakanin kowace ƙafa 90. Wanda ya zagaye su duka ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Masu tsaro aikinsu su fitar da mutum uku, da sun fitar da uku sai a yi musanya. In kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya an yi turmi ɗaya kenan, su suna ce masa inin, kuma turmi tara ake yi. Baƙi ke fara bugu, masu gida su rufe.

Yanzu ga damben. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, nisan ƙafa sittin da rabi, yana sako ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 zuwa 160 a awa, wani jifan kuma ya rage masa gudu ya sa ta lanƙwasa ko ta faɗi ƙasa daf da mai bugu. In mai bugu ya kai sanda ya kuskure, ko ƙwallo ta bi ta daidai inda ya kamata ya buga ya tsaya kallo, wannan sitiraik ne, uku ya fita. In mai jifa ya jefa ta bauɗe mai bugu ya ƙi kai mata sanda, wannan bol ne, huɗu ya tafi tasha ta ɗaya kyauta. In ya buga ta fita ta gefen farin layi ana lissafa masa sitiraik, amma irin wannan ba ya zama na uku, shi ya sa za ka ga mutum ya yi ta kore ƙwallo gefe sau biyar sau shida yana gajiyar da mai jifa, jama'a na tafa masa.

Saboda haka idonka ya riƙa zuwa kan allo. Za ka ga lamba biyu kamar 3-2, ta farko bol ce ta biyu sitiraik. In ka ga 3-0 mai jifa ne a cikin matsala. In ka ga 0-2 mai bugu ne a bakin rami. In ka ga 3-2 ga mutane a kan tashoshi ga biyu sun riga sun fita, to ajiye gyaɗar nan ka miƙe, jifa ɗaya ne zai raba gardama. A filin Yankees da zarar mai jifansu ya kai sitiraik biyu mutane ke fara tafi, kai ma ka bi su.

Sauran hanyoyin fita, in an cafke ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko an jefa ta ta riga mai gudu isa tasha ta ɗaya, ko an taɓa shi da ita yana tsakanin tashoshi. In ya buga ta ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo shi ne hom ron, shi da duk wanda ke kan tasha su taka a hankali su dawo gida. Katangar dama a wannan filin gajeren nisa gare ta, ƙafa 314 kacal a kusurwa, shi ya sa ƙwallo ke yawan faɗawa can. A allo kuma harafin R maki ne, shi kaɗai ke nuna wanda ke gaba, H yawan bugun da ya yi kyau, E kurakuran masu tsaro.

Kada ka yi mamaki in ka ga gwani ya fita sau uku a jere. Wanda ke samun bugu uku cikin goma ma babban gwani ne a wannan wasan. In ka ga wani dogo mai lamba 99 ya taso filin ya ɗauki kuwwa, Aaron Judge ne kyaftin ɗinsu, wanda ya buga hom ron 62 a 2022. Lokacinsa ba lokacin zuwa banɗaki ba ne.

Tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo, daƙiƙa 15 in ba kowa a tasha, saboda haka wasan da a da yake haura awa uku yanzu yawanci awa biyu da minti arba'in ne ko kusa da haka. Babu canjaras, in an yi kunnen doki bayan tara sai a ƙara turmi har wani ya ci. In kuma masu gida na gaba bayan baƙi sun gama bugunsu na tara, an tashi kenan.

8. Zama da jama'a

A farkon turmi na ɗaya ka kasa kunne ɓangaren bencinan dama. Za ka ji suna kiran sunan 'yan wasansu da ke fili ɗaya bayan ɗaya da tafi, ba sa dainawa sai ɗan wasan ya juyo ya ɗaga musu hannu. A tsakiyar turmi na bakwai kuma kowa zai miƙe a miƙe ƙafa a yi waƙa, ba tashi aka yi ba, na ga wasu namu sun ɗauki jaka za su tafi.

In za ka tashi ko za ka dawo kujera ka jira mai bugu ya gama, kada ka tsaya a gaban mutane ana tsakiyar jifa. Lokacin da layin banɗaki ya fi sauƙi shi ne ana cikin wasa, ba tsakanin turmi ba. Ɓawon gyaɗa a ƙasa ake zubarwa, haka al'adar take. Wanda ke kusa da kai in ka ce masa yau ne zuwanka na farko, wallahi sai ya zama malaminka har a tashi, wani dattijo da ya zauna kusa da mu yana rubuta kowane jifa a ɗan littafi da fensir shi ya koya wa 'yata karanta allo. In kuma wani ya sha ya fara damunku kada ka biye masa, ka gaya wa ma'aikacin sashen.

Hattara: ƙwallon nan tauri gare ta kamar dutse. In kana ƙasa inda raga ba ta kare ba, idonka a kan mai bugu, yaro kuma ya zauna ta ɓangaren da za ka iya kare shi. In ta faɗo cikin kujeru ka samu taka ce, ba a mayarwa, kuma abin da aka saba babba ya miƙa wa yaron da ke kusa. Amma kada ka kuskura ka miƙa hannu cikin fili ka taɓa wadda ake wasa da ita. A wasan kofin duniya na 2024 wasu mutum biyu sun riƙe safar Mookie Betts na Dodgers da hannunsa suna ƙoƙarin ƙwace ƙwallo, aka fitar da su aka kuma hana su shiga filayen ƙungiyoyin baki ɗaya. Tsallakawa cikin fili kuwa kamu ne kai tsaye, kuma mu baƙi mun san abin da takardar kamu ke jawo wa mutum a ƙasar nan.

9. In ruwa ya sauko

Za ka ga ma'aikata sun jawo ƙatuwar tamfol sun rufe tsakiyar fili. Kada ka tafi, jinkiri ne, yakan ɗauki rabin awa yakan ɗauki biyu, ka koma baranda ka jira sanarwa. In an buga turmi biyar, ko huɗu da rabi masu gida na gaba, ana iya cewa wasa ya kammala a haka. In an ɗage shi gaba ɗaya kada ka goge komai a waya, tikitin nan shi za ka yi amfani da shi ranar da aka sake sawa. Rigar ruwa ta leda ta fi lema amfani, lema tana tare wa na baya.

10. Fita

In da ƙananan yara kake kuma gobe makaranta, ka fita a ƙarshen turmi na takwas ka samu jirgi da wurin zama. In wasan ya yi zafi kuwa ka tsaya har ƙarshe, sannan kada ka bi rububin farko, ku zauna minti goma sha biyar ku ɗauki hoto a bar matakala ta yi sauƙi. Ka duba ƙarƙashin kujera, waya da darduma nan suke faɗawa.

A tasha, lamba 4 a sama yake kan gada, D a ƙarƙashin ƙasa. Ka karanta allon kafin ka shiga, yawancin jama'a Manhattan suka nufa, mu masu komawa cikin Bronx ɓangarenmu ya fi sarari, kada ka bi taro ka tsinci kanka a Harlem. Motar haya ta waya tana tsada a wannan lokacin kuma direba ba zai iya matsowa ba, in dole ne ka taka zuwa titin Grand Concourse ka wuce layi uku ko huɗu sannan ka kira. Yaro ka rubuta masa lambarka a takarda ka sa masa a aljihu tun daga gida, kuma ku yi alkawarin inda za ku haɗu in kun rabu, mu ƙofa ta 4 muke cewa, daidai ƙarƙashin manyan haruffan sunan filin.